Kurakuran da maza ke yi da ciwon furostat

Na gaji da jin magana ɗaya daga bakin mazan da suka haura hamsin: "Ai ni ƙalau nake, fitsarina na fita daidai." Wannan shi ne kuskuren farko, kuma shi ya fi kai mutane kabari.

Furostat wani ɗan ƙulli ne a ƙarƙashin mafitsarar namiji. Ya zagaye bututun da fitsari ke bi, kuma shi ke samar da wani kaso na ruwan maniyyi. Abu uku ke damunsa: girman da ke zuwa da shekaru, kumburi, da ciwon daji. Girman tsufa daga tsakiya yake tasowa, ya matse bututun, shi ya sa yake saurin tona kansa da yawan tashi fitsari cikin dare, da yunƙuri kafin ya fito, da ɗigo a wando bayan an gama. Shi kuwa daji yawanci daga gefe yake farawa, nesa da bututun. Sai ya yi shekaru yana girma, fitsari na zuba lafiya lau.

Haka ya yi wa mahaifina. Bai taɓa kuka da fitsari ba. Da baya ya fara, sai ƙugu, irin ciwon da ke hana shi barci ko ya kwanta shiru. Kowa ya ce tsufa ne. Aka yi ta shafa masa man zafi, ana sauya maganin ciwon jiki, wandonsa kuma na ta yi masa yawa har sai da ya ƙara huda a bel ɗinsa. In na ce, "Baba, mu je a duba," sai ya ce gajiya ce, za ta wuce. Ranar da aka ɗauki jininsa, ciwon ya riga ya shiga ƙashin baya. Har yau raina na ɓaci in na tuna cewa gwajin da ya nuna shi ɗan jini ne kawai a sirinji, da an yi shi shekaru kafin nan da labari ya sha bamban. Alƙaluman Amurka sun nuna kusan duk wanda aka gano nasa bai fita daga furostat ba yana raye bayan shekara 5. In ya bazu zuwa ƙashi ko wasu sassa masu nisa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne ke kaiwa.

Gyaran shi ne ka je kana lafiya. Ƙungiyar yaƙi da daji ta Amurka ta ce a fara maganar gwajin PSA (gwajin jinin da ke nuna alamar matsalar furostat) da likita a shekara 50, amma baƙar fata, ko wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya kamu kafin ya kai 65, ya fara a 45. A Birtaniya an ƙiyasta cewa namiji 1 cikin 8 zai kamu a rayuwarsa, a cikin baƙar fata kuma 1 cikin 4. Likitoci sun sha bamban kan tazarar gwajin, wasu na ganin duk shekara biyu ya isa. Ni dai duk shekara nake yi, a watan da aka haife ni don kada in manta, a ɗakin gwaji guda, in rubuta lambar da kwanan wata a littafi. Yadda lambar ke hawa daga bara zuwa bana ya fi min amfani da lamba guda tsurarta.

Kuskure na biyu kunya ce, kuma a nan zan yi muku faɗa. Magidanci guda, da 'ya'ya da jikoki, ya ji an ce likita zai sa safar hannu ya taɓa furostat ta dubura, sai ya miƙe ya kama hanyar gida. Haba malam! Abin da ba ya cika minti ɗaya? Wanda ya guje wa wannan a yau, shi za a kawo gobe da robar fitsari, 'ya'yansa na ɗaga shi suna juyawa. Wace kunyar ce ta fi? Desmond Tutu, babban limamin coci na Afirka ta Kudu, ya fito fili ya faɗi cewa yana da dajin furostat a 1997, ya rayu har 2021. An yi wa Nelson Mandela maganin nasa a 2001, ya kai 2013. Sarki Charles na Ingila ya bari aka sanar da duniya cewa za a yi masa aikin girman furostat a farkon 2024. Babu wanda girmansa ya zube.

Akwai kuma masu karɓar takardar PSA su yanke wa kansu hukunci. Lamba ta hau ba ta nufin daji. Girman tsufa na ɗaga ta, ƙwayoyin cuta a fitsari na ɗaga ta, haka saduwa da iyali ko doguwar tafiya a keke dab da gwajin. Ni nakan ba da kwana biyu ban yi ko ɗaya ba kafin a ɗauki jini. In ta hau, akan maimaita, a yi hoton MRI, sannan a ga ko sai an tsakuro nama. Ko dajin ne ma, wani mai tafiyar hawainiya ne, sa ido kawai ake yi masa ba tiyata. Masu shan finasteride, maganin girman furostat, kuma su gaya wa likita, domin yana rage lambar kusan rabi, ya ɓoye abin da ake nema.

Sauran ƙanana ne, amma suna wahalarwa. Mai girman furostat kada ya sha maganin mura mai buɗe hanci ko mai sa barci ba tare da tambaya ba, yana iya tsayar da fitsari cak. Kada ka daina shan ruwa don gudun tashin dare, ka sha da rana, ka rage awa biyu kafin kwanciya. In an ba ka tamsulosin, maganin sauƙaƙa fitar fitsari, riƙa tashi tsaye a hankali, yana kawo jiri. Kwalaben "wanke furostat" da ake talla a Facebook ka bar su inda ka gan su. Ko saw palmetto, maganin tsiro da ya fi su suna, manyan gwaje-gwaje sun nuna bai fi ƙwayar da babu magani a cikinta ba.

Jini a fitsari ko a maniyyi, ko sau ɗaya ne, na likita ne a makon nan. Fitsari ya tsaya mara ta kumbura, ko ciwon baya da ƙafafu suka fara sanyi da rauni, wannan ba a kwana da shi a gida. Tsayawar fitsari na iya lalata ƙoda, ciwon bayan kuma alama ce ana danne lakar baya, in aka makara mutum ya rasa tafiya.