Kurakuran da aka fi yi wajen ɗaura ƙarafa a shasin a-kori-kura

Mutum ya sayi Hilux ko L200, yana so a sa masa ƙarfen kariya a gaba, ko matakala a gefe, ko keji a baya don ɗora buhuna. Sai ya nufi wurin mai waldar da ya yi masa ƙofar gida. Daga nan ɓarna take farawa, domin shasi ba ƙyaure ba ne. Dogayen ƙarafa biyu ne da aka haɗa kamar tsani, kuma an ƙera su su riƙa ɗan murɗawa duk lokacin da taya ta faɗa rami.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne walda kai tsaye a jikin shasi. Ƙarfen motocin yanzu bai da kauri sosai, ƙarfinsa daga yadda aka sarrafa shi ne, zafin walda kuwa yana kashe wannan ƙarfin. Shi ya sa za ka ga waldar tana nan daram, amma gefenta ya tsage bayan wata shida a kan hanyar ƙauye. Gyaran shi ne a yi waldar a can gefe, a haɗa kayan da faranti mai kauri, sannan a ɗaure farantin da bol da noti. Idan tilas sai an kunna wuta kusa da motar, a fara cire kan batir na negatif, a kuma maƙala wayar at ta injin waldar, wato mai maƙali, dab da inda ake aiki. In ba haka ba, ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, na iya ƙonewa.

Sai huda. Kafin a taɓa komai, a tsuguna a duba: kamfani ya bar ramuka da yawa, wasu har da zare a ciki, don irin wannan aikin. Mafi yawan masu gaggawa ba sa dubawa. Idan lallai sai an yi sabon rami, a yi shi a tsakiyar bangon gefe na ƙarfen shasin. Saman ƙarfen da ƙasansa su ne ke ɗauke da nauyi, ɗaya ana matse shi ɗaya ana jan sa, rami a nan farkon tsaga ne. Tsakanin sabon rami da tsoho, ko bakin ƙarfe, a bar aƙalla ninki biyu na faɗin ramin. Kuma da injin huda ake yi. Wanda ya ce zai ɓula maka da wutar walda don ya fi sauri, ka ce masa: «Maigida, bar shi, na gode.» Ramin wuta bakinsa kaca-kaca ne, kowane lungu nasa wurin tsagewa ne. Ka kuma zura hannu ta baya tukuna, don bututun birki da na mai da wayoyi duk ta nan suke bi.

Akwai abin da ko gwanaye ke mantawa. Inda shasi yake rufe kamar akwati, in ka ratsa bol ka matse, bangon biyu za su loɓa ciki, notin ya saki. Ana sa guntun bututu mai kauri a ciki, bol ya bi ta tsakiyarsa, shi ne zai tokare.

Bol ɗin ma ba kowanne ba. Ka duba lambar ƙarfinsa a kansa, 8.8 ko 10.9 ake so. Mai 4.6 ko wanda babu lamba, na gadon ƙarfe ne. A sa washa mai faɗi da noti mai kulle kansa. Ramin da aka huda a shafa masa fenti kafin a rufe, don tsatsa ba ta jira damina ta biyu.

Keji kuma kada a ɗaure ƙafarsa ɗaya a bodin baya, ɗaya a kan ɗakin direba. Kowannensu motsinsa daban, in ka haɗa su ɗaya zai yage. Nauyin kejin da na ƙarfen gaba duk cikin lodin motar ake lissafa su, lodin da bai wuce kusan tan ɗaya ba. Ni abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ƙara wa bodi tsawo ta baya: duk kayan da suka wuce tayoyin baya suna lanƙwasa shasi daidai bayan ɗakin direba, musamman a mai ƙofa huɗu.

Mota mai jakar iska, wadda ke buɗewa ta kare mutum a lokacin haɗari, a nemo ƙarfen gaba da aka ƙera domin samfurinta, don na gargajiya yana iya canza lokacin da jakar za ta buɗe. Bayan an gama, ka yi tafiyar kilomita ɗari biyu ko uku, sannan ka koma a sake bin notunan ɗaya bayan ɗaya da sifana.