Kurakuran da aka fi yi da mmap a kan faifai iri-iri

mmap hanya ce da manhaja ke amfani da fayil kamar yana cikin RAM, wato ma'adanar wucin gadi ta kwamfuta. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a gwada mmap sau biyu a jere, a ga na biyun ya yi gudu, sai a ce faifan yana da sauri. Ai RAM aka auna, domin Linux ya riga ya ajiye shafukan fayil ɗin, wato ƙananan sassansa, a cikin RAM tun karatun farko. Kafin kowane gwaji a ba da umarnin sync don sauke rubutun da ke jira a kan faifai, a rubuta 3 cikin /proc/sys/vm/drop_caches don share shafukan da Linux ya ajiye, ko kuma a gwada da fayil da ya fi RAM girma.

Sai ɗaukar cewa duk na'urori ɗaya ne. Duk sanda manhaja ta taɓa shafin da ba ya cikin RAM, dole ta tsaya cak har a ɗauko mata shi. A tsohon faifai mai juyawa 7200 a minti, wannan jiran kan kai milisakan 10, don haka tsalle-tsalle cikin fayil kashe kai ne. A jera karatun, a sanar da Linux ta kiran madvise, wanda ke gaya masa yadda za a karanta fayil, da zaɓin MADV_SEQUENTIAL. In kuwa karatun na nan da can ne, a sa MADV_RANDOM, in ba haka ba Linux zai riƙa jawo maƙwabtan shafin da babu mai buƙatarsu.

A NVMe, wato faifan zamani mai tsananin sauri da ba ya juyawa, abin ya juye. Faifan ya yi saurin da aikin Linux kansa, na fitar da tsofaffin shafuka daga RAM da share TLB (ƙaramar ma'adanar adireshin shafuka) na kowace cibiyar sarrafawa ta CPU, ya zama shi ne cikas. Andrew Crotty da Viktor Leis da Andrew Pavlo sun nuna haka a 2022: da bayanai suka fi RAM yawa, karatu kai tsaye ya bar mmap a baya. Manhajar taskar bayanai ta MongoDB ma ta cire injinta na MMAPv1, mai amfani da mmap, a siga ta 4.2. A ganina, wanda ya sayi NVMe don babbar taskar bayanai gara ya koma hanyoyin karatu kai tsaye kamar pread ko io_uring.

Fayil da ke kan NFS (wato a wata kwamfuta ta hanyar sadarwa) ko filashi kuma hatsarinsa daban. In hanya ta yanke ko aka zare filashin, ba lambar kuskure manhajar za ta samu ba, siginar SIGBUS daga Linux ce za ta buge ta ta mutu. Haka ma in wani ya rage girman fayil ɗin.

Rubutu kuwa, kada a ɗauka ya sauka a faifai sai an kira msync da MS_SYNC.