Kurakuran da iyaye 'yan asalin Latin Amurka ke yi kan ƙibar yara, da yadda ake gyara su

Alƙaluman CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, na 2017 zuwa 2020 sun nuna kusan kashi 26 cikin ɗari na yaran 'yan asalin Latin Amurka da ke zaune a Amurka, masu shekara 2 zuwa 19, suna da ƙiba mai yawa, alhali a yaran ƙasar baki ɗaya kusan kashi 20 ne. Talauci da rashin filin wasa mai tsaro a unguwa suna da hannu a ciki, amma akwai abin da ke hannun iyaye.

Kuskure na farko shi ne auna yaro da ido. A gidaje da yawa uwa da kaka suna ganin yaro mai kumatu shi ne lafiyayye. A nemi likita ya nuna inda yaron yake a jadawalin girma: daga mataki na 85 cikin 100 nauyi ya fara wuce kima, daga na 95 ƙiba ce. A kuma duba bayan wuya. Baƙin da sabulu ba ya fitarwa ba dauɗa ba ce, sau da yawa alama ce ta cewa jiki ya fara ƙin jin insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini.

Babbar ɓarnar tana cikin abin sha. Gwangwanin Coca-Cola mai mililita 355 yana da sukari giram 39, alhali Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta ce kada ƙarin sukarin yaro ya kai giram 25 a yini. Iyaye kan hana lemon kwalba su koma horchata da aguas frescas (abubuwan sha masu zaƙi na gargajiyarsu) da ruwan 'ya'yan itace na kwali, suna zaton sun tsira, alhali sukarin yana nan. Likitocin yara sun ce jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya kada a ba shi ruwan 'ya'yan itace sam, ɗan shekara 1 zuwa 3 kuma kada ya wuce mililita 120 a yini. Abin ya fi tsanani a wannan al'umma saboda wani nau'in ƙwayar gado, PNPLA3, da ya yawaita musamman a 'yan asalin Meziko, yana sa kitse ya taru a hanta tun yarinta. A riƙa rage sukarin abin shan gida kaɗan-kaɗan har harshe ya saba, a ajiye tulun ruwa da yankan lemon tsami a firij, lemon kwalba kuma kada ya shigo gidan.

Tilasta wa yaro cinye abin da ke kwano yana kashe masa jin ƙoshi, haka ma yi masa alkawarin pan dulce (burodi mai zaƙi) in ya ci ganye. Iyaye su zaɓi abincin da lokacinsa, yaro ya zaɓi yawan da zai ci. A zuba kaɗan, in ya nema a ƙara. Kada kuma a yar da abincin gargajiya: wake da tortilla (gurasar masara) da nopales (ganyen wani tsiro mai ƙaya da ake ci) sun fi abincin kanti nesa ba kusa ba, man alade da suya kawai za a rage.

Ɗan shekara 6 zuwa 17 yana bukatar minti 60 na motsa jiki kullum, kuma ana iya raba su kashi uku. Uban da ke kwance gaban talabijin yana cewa a fita wasa ba zai ga biyayya ba. A taka zuwa makaranta tare, a buga ƙwallo, a kunna kiɗan rawa na cumbia a falo idan waje ba tsaro. A fitar da talabijin da waya daga ɗakin barci, domin ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12.

Kada a ware yaro guda da abinci na daban, ko a riƙa tsokanarsa da gordito, wato ɗan lukuti. Kunya kan sa shi ci a ɓoye. Canjin ya shafi kowa a gidan, kuma a fara shawo kan kaka, tunda a gidaje da yawa ita ke ciyar da yara bayan makaranta.