Yadda Ake Bin Sawun Modul ɗin da Ya Ƙi Shigowa a Django

Idan manhajar Django (tsarin gina manhajojin yanar gizo da Python) ta ƙi tashi, allo ya nuna ImportError, wato an kasa shigo da wani modul (fayil ɗin lambar Python), kada ka yi gaggawar sake girka kaya. Sunan da ya fito a saƙon ba lallai shi ne mai laifi ba.

Da farko, buga python manage.py check --traceback, ka karanta daga ƙasa zuwa sama. ModuleNotFoundError, wanda ya zo da Python 3.6, yana nufin ba a ga modul ɗin ba sam. Idan kuwa aka ce cannot import name, an ga fayil ɗin, abin da ake nema a cikinsa ne babu.

Na biyu, tabbatar da wane Python ke aiki. Duba sys.executable (Python ɗin da ke aiki) da sys.path (wuraren da yake neman modul). Sau tari an girka kunshin a wani venv (keɓaɓɓen muhallin Python), Gunicorn, mai tafiyar da manhajar a saba, kuma yana tashi da wani daban.

Na uku, buga python -vv manage.py check 2> sawu.txt. Python zai rubuta a sawu.txt duk inda ya leƙa yana neman modul ɗin. A nan ake kama ɓarawon suna: fayil ɗinka mai suna email.py da ke gefen manage.py zai tare wa modul ɗin email na Python hanya. Haka kuma Linux na bambanta Utils.py da utils.py, don haka abin da ya yi aiki a kwamfutarka yana iya faɗuwa a saba.

Na huɗu, idan ka ga partially initialized module, modul biyu ne ke kiran juna, kowa na jiran kowa. A cikin ForeignKey, wanda ke haɗa model (teburin bayanai) da wani, maimakon shigo da model ɗin, rubuta sunansa a matsayin rubutu, kamar "kwastoma.Asusu", ko ka kira apps.get_model daga cikin aikin (function) da ke buƙatarsa.

Mafi wuyar kamawa shi ne wanda aka binne da except ImportError: pass. Modul ɗinka yana nan lafiya, amma wani abu da shi kansa yake shigowa da shi ya ɓace, sai kuskuren ya wuce shiru, manhajar ta ci gaba da rabin aiki. Wannan ɗabi'ar tana cin awowin mutane ba gaira ba dalili. Kama kuskuren da except ImportError as e, ka duba e.name, wato sunan modul ɗin da aka kasa shigowa da shi. Idan ba sunan da kake tsammani ba ne, rubuta shi da logger.exception, sannan ka sake jefa shi da raise.

A kan saba, idan Gunicorn bai ce komai ba sai Worker failed to boot, ƙara --preload, cikakken saƙon zai fito a tagar umarni.