Yadda Za Ka Bi Sawun Tsohon Ɗan Siyasar Amurka

Na daɗe ina koyar da darasin gwamnati a wata sakandare a nan Jos, kuma duk zangon da na ba yara aikin rubuta tarihin wani tsohon shugaban Amurka, abu guda suke kawo mini: ranar haihuwa, ranar hawa mulki, ranar mutuwa. Mutum ya yi shekara tamanin ko ɗari a duniya, a tattare shi a layi uku! Abin yana damuna ƙwarai. Ga hanyar da nake ɗora su a kai, kuma da Jimmy Carter nake ba da misali, don shi ne sawunsa ya iso har ƙofar gidanmu.

Ajiye waya tukuna, ka ɗauko littafin rubutu. Ja layi a tsakiyar shafi: hagu shekara, dama abin da mutumin yake yi a lokacin. Kada ka yarda ka bar giɓin da ya kai shekara goma. Na Carter zai fara da 1 ga Oktoba, 1924, a ɗan garin Plains na jihar Jojiya (yara kan yi murmushi a nan, don ranar ta zo daidai da ta bikin 'yancin kanmu). Sai makarantar sojan ruwa da ya gama a 1946, sai 1953 da mahaifinsa ya rasu, ya ajiye kaki ya koma gida ya riƙe gona da cinikin gyaɗa. Cike giɓin nan shi ne binciken. Wanda ya yi tsalle daga gonar gyaɗa zuwa Fadar White House ba zai san an yi masa aringizon ƙuri'u a takararsa ta farko, ta majalisar dattawan jiha, a 1962 ba, sai da ya ƙalubalanci sakamakon kafin kujerar ta dawo hannunsa. Ba zai kuma san ya sha ƙasa a neman gwamna a 1966 ba.

Daga nan ka tantance kujera. Wata ɗalibata ta taɓa rubuta cewa Carter ya yi sanata a Washington. Bai yi ba. Majalisar dattawan jihar Jojiya ya zauna, daga 1963 zuwa 1967, domin can jihohi ma suna da sanatocinsu, ba kamar mu da majalisar dokoki ɗaya a kowace jiha ba. Haka shekarar zaɓe daban take da ta rantsuwa: an zaɓe shi a Nuwamban 1976, ya kama aiki ranar 20 ga Janairu, 1977. Ka kuma lura da suna, don akwai Adams biyu, Roosevelt biyu, Johnson biyu, Bush biyu.

Jam'iyya ita ce ta fi ruɗa mutane. Kada ka auna ɗan Dimokurat na da da mudun yau. Lincoln, wanda ya jagoranci kawo ƙarshen bauta, ɗan Rifablikan ne, kuma shekaru da dama 'yan Dimokurat na kudu su ne iyayen gidan wariyar launin fata. Carter kansa, wanda ɗan Dimokurat ne na kudu, a yaƙin neman gwamna na 1970, ya yi zawarcin ƙuri'un masu wannan ra'ayi, amma ranar rantsuwarsa a 1971 ya shaida musu cewa zamanin wariya ya wuce. Rubuta duka biyun. Idan ka ɗauki ɗaya ka bar ɗaya, ko dai ka zama maroƙinsa ko ɗan adawarsa.

Game da inda za ka samo bayani, Majalisar Dokokin Amurka tana da kundin taƙaitaccen tarihin mambobinta tun daga 1774, kyauta a intanet. Ma'aikatar harkokin wajensu kuma tana wallafa tsofaffin wasiƙu da bayanan ganawa. Abin da ka tsinta a Facebook, sai ka same shi a wuri na biyu mai tushe kafin ya shiga littafinka.

Abin da na fi nacewa a kai shi ne kada alƙalaminka ya tsaya ranar da mutum ya sauka. Carter ya zo Legas a 1978, zamanin Janar Obasanjo. Ya sulhunta Masar da Isra'ila a Camp David, wurin hutun shugabannin Amurka, a shekarar, sannan Ronald Reagan ya kayar da shi a zaɓen 1980, lokacin da ake garkuwa da Amurkawa a Iran. Nan yawancin yara ke rufe littafi, alhali saura masa shekara 44 a duniya. A 1982 ya kafa Cibiyar Carter, daga baya ya sa ciwon kurkunu a gaba. Ni na san kurkunu da idona. Ina yaro na ga kawuna zaune a zaure tsakiyar damina, ƙafa a miƙe, kullum ana naɗe farar tsutsa kaɗan-kaɗan a jikin tsinke, gonarsa kuwa ciyawa ta cinye. A 1988 an ƙirga masu ciwon sama da 650,000 a Najeriya. Carter ya haɗa hannu da Janar Yakubu Gowon, ɗan asalin Filato, aka bi ƙauyuka ana raba ƙyallen tace ruwa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa ƙasar ta rabu da shi. Carter ya karɓi kyautar Nobel a 2002, ya rasu ranar 29 ga Disamba, 2024, yana da shekara 100.

Cibiyar tana da ofishi a nan cikin Jos. Amma tun kafin ka je ko'ina, zauna da kakarka bayan sallar isha'i ka tambaye ta: "Kaka, yaushe rabonki da ganin mai kurkunu?" Shekarar da ta faɗa ka sa ta a hagu, maganarta kuma a dama.