Yadda Ake Bin Tasirin Ƙwayoyin Gado a Idon Ɗan Kifin Zebira

Ƙwan kifin zebira garai-garai yake, ana ganin tayin ta cikinsa, shi ya sa masu bincike ke ji da shi. Ka tattara ƙwan da safe, da zarar an kunna fitilar tanki, ka zuba kamar 50 a kowane faranti cikin ruwan E3, wato ruwa mai ɗan gishiri da ake renon tayin kifi a ciki, ka ajiye a zafin digiri 28.5 na ma'aunin Celsius. Idan zafin ya yi ƙasa, girma zai yi jinkiri, lissafin awoyinka duk ya rikice. Ƙwan da ya yi fari fat ya mutu. Cire shi nan take kafin ya ruɓar da sauran.

Wajen awa 12 bayan haɗuwar maniyyi da ƙwai, ƙululu biyu za su ɓullo daga gaban ƙwaƙwalwa. Su ne idanu. A nan za ka fi zuba ido. Fagen ido, wato wurin da idanu za su fito, ɗaya ne tun farko, saƙon Nodal, wani furotin da ƙwayoyin halitta ke aika wa juna, ne ke sa ya rabu biyu. Idan ƙwayar gadon ndr2, mai samar da wannan saƙo, ta lalace, tayin zai fito da ido guda a tsakiyar kai. Idan rx3 ce ta lalace, ƙululun ba sa fitowa sam.

Kafin awa 24 ka sa sinadarin PTU kashi 0.003 cikin ɗari a ruwan don kada baƙin launi ya rufe idon. Allurar mofolino kuwa, wato maganin da ke hana ƙwayar gadon da ka zaɓa aiki, ka yi ta tun tayin na ƙwayar halitta ɗaya, kuma ka bar wasu ƙwai ba allura domin kwatance, don yawan mofolino kan kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ya ƙanƙance ido.