Yadda Ake Taimakon Farko Kafin a Isa Asibiti

Daga cikin birnin Zariya zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika akwai tafiya: sai an ratsa Tudun Wada, a wuce Kwangila da Samaru, ga cunkoso. Ko Asibitin Gambo Sawaba na Ƙofar Gayan da ya fi kusa, sai an nemo keke napep tukuna. A wannan tsakanin ran mutum yana hannun Allah, amma sababi yana wurin duk wanda ke kusa, ɗan acaba ne ko mai shayi ko uwargida. Tausayi kam muna da shi, da an ji salati jama'a sun taru. Inda muke tuntuɓe shi ne sanin abin da ake farawa da shi da abin da ake bari.

Mataki na 1: Tsare kanka tukuna

Idan hatsarin kan titi ne, a sa mutum ya riƙa tsayar da motoci daga nesa. Idan wutar lantarki ce ta kama mutum, a kashe ta daga mita, ko a ture wayar da busasshen itace. Kada ka taɓa jini da tsurar hannu, ka zura ko da leda mai tsabta ce.

Mataki na 2: Duba numfashi, ka sa a kira taimako

Durƙusa ka taɓa kafaɗarsa: "Malam, kana ji na?" In bai amsa ba, kalli ƙirjinsa na daƙiƙa 10. Sannan ka nuna mutum ɗaya tak: "Kai mai jar hula, kira 112." Lambar hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa kuma 122 ce. In ka ce "a kira" kawai, kowa zai ɗauka wani ya kira.

Wanda ya suma amma yana numfashi, a kwantar da shi a gefensa don kada amai ya shaƙe shi. Kada a ɗura masa ruwa ko madara, ta huhu za su bi. In babu numfashi, ɗora gindin tafinka a tsakiyar ƙirjinsa, ɗaya hannun a kai, ka riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin kamar santimita 5, sau 100 zuwa 120 a minti, ana karɓeɓeniya har a isa.

Mataki na 3: Tsayar da jini

Ninke tsumma mai tsabta, ka danne ciwon na aƙalla minti 10 ba tare da ɗagawa kana leƙe ba. In ya jiƙe, ƙara wani a kai. Ƙasa, toka da man birki ba sa tsayar da jini, ƙwayoyin cuta suke shigarwa. In ƙarfe ko kwalba ta nutse a jiki, a bar wa likita ya cire.

Mataki na 4: Ƙuna

A nan ne zuciyata ta fi karaya. Cikin hunturu, Disamba da Janairu, kusan kowane gida akwai ruwan zafi a tsakar gida da kurfotin garwashi a ɗaki, yara kuwa suna rarrafe. Da yaro ya ƙone sai ka ji kowa na ba da shawara: a shafa manja, a fasa ɗanyen ƙwai, a sa man goge baki. Uwar da ta yi haka don ƙauna ta yi, amma waɗannan suna kulle zafin ne a cikin fata ya ci gaba da cin nama, a asibiti kuma sai an kankare su kafin a ga girman ciwon. Maganin farko ruwa ne, na randa ko na famfo, ba ƙanƙara ba. A yi ta zubawa a kan wurin har minti 20, a lulluɓe sauran jikin yaron saboda sanyi. A cire zobe da awarwaro kafin kumburi. Rigar da ta manne a bar ta, bororo ma kada a fasa. A rufe da ƙyalle mai tsabta marar gashi, kada a sa auduga. Ƙunar fuska, hannu ko al'aura, da kowace ƙuna a jikin jariri, asibiti za a nufa.

Mataki na 5: Jijjiga da farfaɗiya

Kada a cusa cokali a baki, mutum ba ya haɗiye harshensa, haƙoransa kawai za a karya. Kada a banka hayaƙi ko a danne shi. A kawar da abin da zai buge shi, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, in ta lafa a juya shi a gefe. In ta wuce minti 5, ko yaro ne mai zazzaɓi, ko mai juna biyu, a tafi yanzu. Farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta miyau, don haka kada a gudu a bar shi.

Mataki na 6: Ɗauka zuwa asibiti

Wanda ya faɗo daga babur yana kukan wuya ko baya, kada a sungume shi hannu da ƙafa. Mutum ɗaya ya riƙe kan daidai da jiki, a ɗora shi a kan faffaɗan katako. Karaya a tallafe ta yadda take, ba a ja don miƙarwa. Masu tsoron a tuhume su in sun kai wanda ya ji rauni su sani cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar kulawar gaggawa.

A gida, a shago da makarantar Islamiyya, a ajiye ɗan akwati mai bandeji, filasta, almakashi, safar hannu da ƙunshin gishiri da sukari na gudawa, inda manya suka sani yara kuma ba sa kaiwa. Danna ƙirji sai hannu ya saba, karatu kaɗai bai isa ba. Ƙungiyar Red Cross tana horar da mutane, kuma masu unguwa da limamai za su iya gayyato ma'aikatan lafiya su koyar da 'yan agaji da 'yan acaba, a ware wa matan aure ranarsu a cikin gida.